Ƙarfin aro da girman kai

Fulanin da ke kiwo a arewacin Dakoro, daga kwarin Tarka zuwa wajajen Bermo, suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. Mai shanu yakan ba wanda fari ya cinye garkensa aron karsana, ya sha nononta, ya riƙe maruƙan da ta haifa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Wanda aka ba ya san dukiyar ba tasa ba ce, shi ya sa yake lallaɓa ta fiye da tasa. Haka Littafi Mai Tsarki ya ɗauki ƙarfin shugaba, kuma daga nan ne nake ganin munin girman kai.

Dubi waɗanda Allah ya zaɓa. Musa yana kiwon tumakin surukinsa Yetro aka kira shi, ya yi ta kawo uzurin nauyin baki. Dawuda ɗan auta ne, yana daji da tumaki lokacin da Sama'ila ya zo Baitalami, sai da aka aika aka kira shi kafin a shafa masa mai. Gidiyon ya tara mayaƙa 32,000, Allah ya rage su zuwa 300, don kada Isra'ilawa su ce ƙarfinsu ne ya kori Madayanawa.

Labarin da ya fi damuna shi ne na Uzziya, sarkin Yahuza, a sura ta 26 ta littafin Tarihi na biyu. Mutumin Dakoro zai gane shi nan take, domin sarki ne mai son noma, mai dabbobi da yawa, wanda ya haƙa rijiyoyi a jeji. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, ya yi shekara 52 a kai. Muddin yana neman Allah, al'amuransa na tafiya daidai: ya ci Filistiyawa da yaƙi, ya gina hasumiyoyi a Urushalima, sunansa ya kai har iyakar Masar. Da ƙarfi ya kai masa, sai sarautar ta yi masa kaɗan. Ya kutsa Haikali zai ƙona turare, aikin da aka keɓe wa zuriyar Haruna. Azariya firist da waɗansu firistoci 80 suka tare shi, suka ce ya fita. Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya husata, nan take cuta ta fito masa a goshi. A keɓe ya ƙarasa kwanakinsa, ɗansa Yotam na riƙe da fada.

Uzziya bai yi sata ba, bai bauta wa gunki ba. Alherin da aka yi masa ne ya ɗauka hannunsa ya ba shi. Wannan cuta ta girman kai ta fi kama mai nasara, shi ya sa take da wuyar ganewa, don jama'a na tafi a daidai lokacin da take shiga.

Kiristoci 'yan kaɗan ne a jihar Maradi, ko da yake mishan ta SIM ta daɗe da zuwa Tsibiri, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma ya fito da Hausa a 1932. Ƙarancin jama'a ba ya hana girman kai. Fasto mai mutum talatin zai iya fara jin cewa shafaffe ba a yi masa tambaya, ya ɗauki tambayar dattawa kan kuɗin baiko a matsayin tawaye ga Allah. Haka mai gari, haka arɗo, haka wanda aka damƙa wa kula da rijiyar gari har ya soma zaɓen wanda zai shayar da dabbobinsa.

Abin da nake roƙon dattawan ikilisiyoyinmu shi ne su yi aikin Azariya tun da wuri, su sami shugaba a ɗakinsa su faɗa masa gaskiya cikin girmamawa. Shi kuma ya ajiye kusa da shi mutum biyu ko uku da ba sa cin abinci a hannunsa, ya saurare su ko da maganarsu ta yi masa ɗaci.