Sunan Wa Ke Kan Aikin?

Ɗan'uwa mai karatu, in ka ratsa kasuwar Dutsin-Ma ta wajen masu gwanjo, da wuya ka rasa rigar yara mai ɗauke da jan harafin S a ƙirji. Ranar Lahadi ma kana iya ganinta a jikin wani yaro cikin Makarantar Lahadi. Yaron ya san Superman, jarumin da yake tashi sama kamar shaho, amma bai san cewa wasu mutane ne suka zauna suka ƙaga shi ba. Ni ma na daɗe ban sani ba. Ranar da na san labarinsu, sai ya tono mini wani laifi nawa da na binne shekara da shekaru.

Samari biyu ne a birnin Cleveland na ƙasar Amurka, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dukansu 'ya'yan Yahudawa baƙi marasa wadata. Sun yi shekaru suna yawo da labarin jaruminsu ba mai saye. A shekarar 1938 wani kamfanin buga littattafan zane ya karɓa, ya biya su dala 130 a kan shafi goma sha uku, su kuwa suka sa hannu cewa jarumin ya zama na kamfani. Kafin a ce me, Superman ya cika duniya: jaridu, rediyo, majigi, kayan wasan yara. Gaskiya ne kamfanin ya ɗauke su aiki, ya kuma biya su albashi mai kauri har wajen shekara goma. Amma da suka je kotu a 1947 suna neman a mai da musu abin da suka ƙaga, sai alƙali ya ce ciniki ya faɗa. Suka rasa aikin, aka kuma share sunayensu daga littattafan. Shuster ya tsufa cikin talauci, idanunsa suna mutuwa. Sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim na Superman, abokan sana'arsu suka ta da murya, kamfanin ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mai da sunayensu. Takardar cekin da aka biya su da ita tun farko, a 2012 an yi gwanjonta a kan dala 160,000. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, ga tambayar da nake so mu auna tare. Sun sa hannu da kansu, ba wanda ya ɗora musu wuƙa a wuya. Kamfanin ya zuba dukiyarsa a kan abin da wasu suka ƙi, da an yi asara shi zai ɗauka. Kotu ta ba shi gaskiya. Shin abin da doka ta halatta ya zama adalci ke nan a gaban Allah?

Kada mu yi gaggawar amsawa, gama alkawari kaya ne. In kowa zai warware ciniki duk ranar da ya ga abokin cinikinsa ya ci riba, ba za a ƙara yin kasuwa ba. Zabura ta 15 ta yaba wa mutumin da yake cika rantsuwarsa ko da za ta cuce shi. Amma ka tuna da Yakubu da Isuwa a Farawa sura 25. Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa, ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate, har da rantsuwa. Cinikin ya tsaya, Littafi Mai Tsarki kuma ya zargi Isuwa da raina abin da Allah ya ba shi. Duk da haka Yakubu bai ci ribar a cikin salama ba. Ya bar gidan mahaifinsa a guje, ya yi shekara ashirin a hannun Laban wanda ya yi ta sauya masa lada, sa'an nan ya komo yana rusunawa a gaban ɗan'uwansa da kyautai. Mu mutanen karkara mun san irin wannan ciniki. A tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare, manomi a ƙauyukan Kurfi yakan karɓi buhu ɗaya da sharaɗin zai biya fiye da haka da kaka. Ya yarda da bakinsa, akwai shaidu. Amma kai da ni mun sani yunwa ce ta sa hannu a madadinsa.

Akwai kuma wani gefen da ya kamata mai ƙirƙira ya ji, domin kada ya kumbura. Allah kaɗai ne ya yi abu daga babu. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su. Kakanninmu mata ne suka rene su a dandali, tsara bayan tsara, ba wadda ta nemi ko sisi. Abubakar Imam, wanda ya koyar a Katsina kafin ya koma Zariya, ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa, Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa a cikin Magana Jari Ce. Su ma samarin Cleveland, jaririn da suka sa a jirgi domin ya tsira daga halaka, mutane da yawa sun ga inuwar Musa a cikin kwando a jikinsa. Kowane mai fasaha daga rijiyar wani ya ɗebo. Manzo Bulus ya tunasar da Korantiyawa cewa ba su da wani abu wanda ba karɓa suka yi ba. Saboda haka mai baiwa wakili ne a kan abin da aka danƙa masa. Sai dai ka lura, sunan Imam yana nan a bangon littafinsa har yau, daidai ne kuwa. Ruwan na Allah ne, amma wanda ya ja guga ya yi gumi, gumin kuma yana da mai shi.

Dubi yadda Ubangiji kansa yake yi da ma'aikatansa. A Fitowa sura 31, sa'ad da za a gina alfarwa ta sujada, ya kira Bezalel da Oholiyab da sunayensu, har da na iyayensu da kabilunsu. Tsarin alfarwar daga Allah ya zo, hikimar ma shi ya ba su, amma bai ɓoye hannun da ya sassaƙa ba. Irmiya bai ɓoye Baruk magatakardansa ba. A ƙarshen wasiƙar Romawa, Bulus ya bar Tartiyas, wanda ya riƙe alƙalami, ya sa gaisuwarsa da sunansa. In Mahaliccin sama da ƙasa bai ji ƙyashin ambaton masassaƙi ba, mu su wane ne? A kan lada kuwa Shari'a ba ta yi sassauci ba. Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 sun hana haƙƙin ma'aikaci ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 kuma ya gargaɗe mu cewa ladan da aka danne yana da murya, Ubangiji yana jinta.

Yanzu ga laifina. Wasu shekaru da suka wuce, wani matashi a ikkilisiyar da nake kiwo, ɗalibi ne a nan Dutsin-Ma, ya riƙa zana wa yaran Makarantar Lahadi labarin wani yaro da jakinsa mai taurin kai. Kowane mako jakin yakan jawo rigima, yaron kuma ya koyi wani darasi. Yara suka so su ƙwarai, har waɗanda ba sa zuwa suka fara zuwa. Muka tara zanen muka buga ɗan littafi, aka sayar a taron gunduma. Na ba shi kuɗin mota da godiya daga bagade. A bangon littafin sunan ikkilisiya kawai na sa. Da ya gama karatu, ya zo ya ce yana so ya ci gaba da labarin yaron da jakin, ya buga da sunansa, ko ya sami abin farawa. Muka zauna da dattawa, muka ce masa aikin Ubangiji ne, takarda da tawada kuma na ikkilisiya ne. Ni ne na fi kowa iya jera dalilai a ranar. Bai yi gardama ba, ya ce, “To, Baba, na gode.” Daga ranar bai ƙara zana mana kome ba, mu kuwa ba mu sami wanda zai iya ba. Jakin ya mutu a cikin kabad na ofishina.

Na ce aikin Ubangiji ne, amma ni ina karɓar albashina kowane wata a kan aikin Ubangijin nan. Abin da ban yarda a yi mini ba, shi na yi wa yaron da ba shi da bakin musu da fastonsa. Kunya da ladabi suka sa hannu a madadinsa, kamar yadda yunwa take sa wa manomi. Bayan shekaru na neme shi, na roƙi gafararsa, dattawa kuma suka rubuta masa takarda cewa yaron da jakin nasa ne. Ya gafarta mini da zuciya ɗaya. Amma shekarun ƙuruciyarsa da zafin hannunsa na lokacin, waɗannan ban iya mayar masa ba.

Ƙasarmu tana da sabuwar dokar haƙƙin mallakar fasaha, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kuma amince cewa mai aiki yana da haƙƙin a ambaci sunansa. Wannan abin godiya ne. Amma mai bi bai kamata ya jira kotu ba. Abokin aikin da ya taya Bob Kane ƙaga Batman, wato Bill Finger, ya mutu a 1974, ba a sa sunansa ba sai 2015. Kada ikkilisiyar Kristi ta yi irin wannan jinkiri.

Saboda haka, ƙaunatacce, bincika gidanka da majami'arka. Waƙar da zumuntar mata take rerawa, wace uwa ce ta tsara ta, an kuwa taɓa faɗin sunanta? Wasan kwaikwayon Kirsimeti, wa ya rubuta? Wa'azin da ka ɗauko daga littafin wani, ka faɗa wa jama'a? In kai ne mai buga aikin wani, rubuta yarjejeniya a fili, ka bayyana masa abin da yake bayarwa, in riba ta zo fiye da zato ka koma ka ƙara masa ko da takarda ba ta tilasta ka ba. In kuwa kai ne mai baiwar, kada ka raina ta kamar Isuwa. Nemi shawara kafin ka sa hannu, in ka ba da ita kyauta ka bayar da saninka, cikin farin ciki.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai da ka san kowane ma'aikaci da sunansa, ka gafarta mana inda muka ci gumin wani muka kira shi hidima. Ka nuna mana wanda muke riƙe da haƙƙinsa, ka ba mu ƙarfin hali mu mayar tun yana da rai. A cikin sunan Yesu, Amin.