Darasi na 9: Abincin Daniyel da Tukunyar Gidanmu

Karatu: Daniyel 1:1-21. Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:19-20.

Manufar darasi: mu gane cewa jikunanmu da na 'ya'yanmu amana ce daga wurin Ubangiji, riƙon wannan amana kuwa daga bakin murhu ya ke farawa.

GABATARWA

Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Yehoyakim sarkin Yahuza, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi. Ya kwashe waɗansu kayan Haikali, ya kuma sa a zaɓo samari daga gidan sarauta, masu kyan gani da kaifin hankali, domin a koya musu harshen Kaldiyawa da karatunsu shekara uku. A cikinsu akwai Daniyel, da Hananiya, da Mishayel, da Azariya. Aka sāke musu sunaye, aka yanka musu rabo daga abincin sarki da ruwan inabinsa kowace rana. Daniyel kuwa ya ƙudura a zuciyarsa ba zai ƙazantar da kansa da wannan abinci ba. Ya roƙi mai lura da su ya gwada su kwana goma da abin da gona ta ke bayarwa da ruwa kaɗai. Da kwanakin suka cika, sai aka tarar su huɗun sun fi dukan samarin da ke cin abincin fāda kyan jiki da ƙiba.

1. DALILIN DANIYEL

Mu lura da kyau, dalilin Daniyel na biyayya ne. Shari'ar Musa ta hana Isra'ilawa cin waɗansu namomi (Littafin Firistoci 11), ga kuma al'adar al'ummai ta miƙa nama da ruwan inabi ga gumaka kafin a kai su gaban sarki. Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan sura ya kafa doka cewa mai bi ba ya cin nama. Allah ya ba Nuhu nama bayan ruwan tsufana (Farawa 9:3), Ubangijinmu Yesu ya ci gasasshen kifi bayan tashinsa daga matattu (Luka 24:42-43), Manzo Bulus kuma ya gargaɗe mu a kan masu hana abincin da Allah ya halitta domin a karɓa da godiya (1 Timoti 4:3-5).

Duk da haka akwai abin koyo a cikin akushin Daniyel. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a aya ta 12 tana nufin abin da a ke shukawa, watau hatsi, da wake iri iri, da ganyaye. Abincin talaka ke nan, irin wanda ke cikin rumbun kowane manomi a ƙasarmu. Allah ya sa albarka a cikinsa, ya riƙe samari huɗu shekara uku suna karatu mai wuya, har sarki ya same su sun fi masu hikimarsa nesa ba kusa ba. Wanda ya raina abin da ke bayan ɗakinsa, yana haɗiyar yawu saboda abin da ke cikin gwangwani a kanti, bai fahimci wannan sura ba tukuna.

2. ABIN DA ALLAH YA SA A GONA

Masana abinci sun kasa shi kashi uku bisa ga aikinsa a jiki, yana da kyau kowane ɗan aji ya riƙe su.

Na fari, masu ba da ƙarfi: dawa, gero, acha, masara, shinkafa, doya, rogo, dankali, gwaza, da mai. Su ne itacen da ke cikin murhu. Na biyu, masu gina jiki: wake, gyaɗa, gujjiya, waken soya, riɗi, daddawa, ƙwai, kifi, nama, da nono. Su ne tubalin da a ke ɗora gini da shi, yaro mai girma da mace mai ciki sun fi kowa bukatarsu. Na uku, masu tsaron jiki: zogale, kuka, rama, alayyafo, kabewa, manja, gwanda, mangwaro, gwaiba, lemo. Su ne masu gadin ƙofa.

Tuwo kaɗai yana cika ciki, amma ba ya isa ginin jiki. Hatsi yana da ƙarancin wani abin gini wanda wake ya ke da shi a yalwace, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ya ke da shi. Idan suka haɗu a cikin abincin yini ɗaya, sai kowane ya cika gibin ɗan'uwansa. Abin lura ne cewa gurasar da aka umarci annabi Ezekiyel ya yi domin kwanakin ƙunci ta haɗa alkama, da sha'ir, da wake, da gero a tukunya ɗaya (Ezekiyel 4:9). Iyayenmu mata da suka saba dafa gwate da ganye da gyaɗa, ko shinkafa da wake da manja, sun riga masu littafi sanin wannan hikima.

Ga kaɗan daga cikin cututtukan da abinci ya ke tsarewa. Dundumi, watau rashin gani da almuru, alama ce ta ƙarancin bitamin A, wanda a ke samu cikin manja, da hanta, da ganyaye masu duhun kore, da 'ya'yan itace masu jan ciki. Maƙoƙo, wanda dā ya yi yawa a ƙasashen duwatsu, ƙarancin aidin ne ya kan kawo shi. Tun 1993 doka ta wajabta a sa aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya, saboda haka a sayi mai aidin, a ajiye shi a rufe. Ƙarancin jini ya kan zo daga rashin sinadarin ƙarfe a abinci, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki. Hanta, da nama, da wake, da ganye suna taimako. Lemo ko gwaiba tare da abinci suna sa jiki ya karɓi sinadarin, shayi kuwa a kan abinci yana rage karɓarsa. Mai hawan jini ya rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, watau misalin ƙaramin cokali ɗaya.

3. KU BA TA ABINCI

A nan ne darasin ya fi matsa mu, 'yan'uwa. Sa'ad da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, mutane suna cikin mamaki, shi kuwa ya umarta a ba yarinyar abinci (Markus 5:43). Mai iko bisa mutuwa bai manta da cikin yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba. Haka kuma sa'ad da Iliya ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika ya ba shi gurasa da ruwa sau biyu kafin Ubangiji ya yi masa magana a Horeb (1 Sarakuna 19:4-9). Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

A shekara ta 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ta bayyana wata cutar yara: ƙafafu da fuska su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, yaro ya rasa walwala. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga su ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaron da aka yaye domin ƙanensa ya zo. Irin tamowa ce, maganinta kuwa abinci ne da kulawar asibiti. Amma sau nawa a ƙauyukanmu a kan ce maita ce, ko sammu, har a zargi wata tsohuwa marar laifi, a kwashe kuɗi a kai wa boka, yaron kuwa yana nan da kokon kunu tsararo?

Mu bincika gidajenmu. A gidaje da yawa maigida ne ya ke cin tsokar nama, yara su sami romo. A kan kai ƙwai kasuwa, a sayo lemon kwalba da biskit da kuɗin. Akwai masu hana yaro ƙwai wai kada ya zama ɓarawo, da masu hana mai ciki abinci mai kyau wai kada ɗan ya yi girma a ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin Maganar Allah. Abin da ke ciki shi ne, wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8). Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Ga abin da za a yi. Jariri ya sha nonon uwa kaɗai wata shida, ba tare da ruwa ko jiƙo ba, a kuma ba shi nonon fari mai kauri na kwanakin farko, gama kariya ce. Daga wata shida a fara ba shi kunu mai kauri da aka haɗa da garin gyaɗa ko waken soya, da ɗan manja, da ƙwai ko dakakken kifi, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Cikin yaro ƙarami ne, saboda haka a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, a kwanonsa na kansa. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. A riƙa kai shi awo. Katin awon nauyi ya samo asali daga aikin Dokta David Morley a Imesi-Ile, ƙarƙashin asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha, inda ya zo a 1956. Katin ya kan nuna tamowa tun ido bai gan ta ba.

Idan zawo ya kama yaro, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da a ke samu a asibiti, tare da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, kada kuma a daina nono ko abinci. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba tozo, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. Idan ya kāsa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko da jini a bayan gidansa, a gaggauta zuwa asibiti.

4. MUTUWA A CIKIN TUKUNYA

Waɗansu suna cewa duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Bari su karanta 2 Sarakuna 4:38-41. A lokacin yunwa a Gilgal wani almajirin annabawa ya tsinko 'ya'yan wata kurangar jeji da bai sani ba, ya yanka su cikin miya, da ba don jinƙan Allah ta hannun Elisha ba, da sun hallaka. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma rashin sani ya sa dafi a tukunya. Rogo mai ɗaci yana da dafi sai an jiƙa shi an sarrafa shi sosai. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɓata hanta. Jiƙon da ba shi da ma'auni ya kan lalata ƙoda.

Haka kuma kwalabe da ƙwayoyin ƙarin kuzari da a ke talla a tasha da cikin mota, wani lokaci har a harabar majami'a, wai ƙwaya ɗaya tana warkar da ciwon sukari, da hawan jini, da rashin haihuwa gaba ɗaya. Annabi Ishaya ya tambayi mutanensa dalilin da ya sa su ke kashe kuɗi a kan abin da ba abinci ba ne (Ishaya 55:2). Maganarsa a kan abincin ruhu ce, amma tambayar ta dace da aljihunmu. Kuɗin kwalba ɗaya ya isa mudun wake da ƙwai masu yawa. Mu tuna kuma, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara fiye da 80 suka mutu a ƙasar nan saboda wani maganin fitar haƙori mai guba. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kowane magani, kada kuma a ba jariri abin da ma'aikacin lafiya bai rubuta ba.

Akwai ƙarin da ke da amfani na gaske: ƙwayar ƙarin jini da a ke ba mata masu ciki a wurin awo, da ɗigon bitamin A na yara daga wata shida zuwa shekara biyar. Waɗannan a karɓa da godiya. Mai shan maganin hawan jini, ko na sukari, ko na ƙanjamau, kada ya bari domin wani ya ba shi ganye ko ya ce ya yi masa addu'a. Allah ne ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:5, 21). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14). Addu'a da magani bayin Ubangiji ɗaya ne.

5. JIKIN NA WANENE?

Ayarmu ta haddacewa tana koya mana cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, an saye shi da tsada. Mai gadin gidan wani ba ya barin rufi ya zube. Amma kada abinci ya zama gunki ko abin gardama, gama Mulkin Allah ya fi ci da sha (Romawa 14:17), kada kuma mu hukunta marar lafiya cewa zunubinsa ne ya jawo masa (Yahaya 9:1-3). Akwai 'yan'uwa da suka san abin da ya kamata, hannu ne babu. Nauyinsu yana wuyan ikilisiya, kamar yadda manzanni suka keɓe mutum bakwai domin rabon abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6:1-6).

TAMBAYOYI

1. Me ya sa Daniyel ya ƙi abincin sarki?
2. Faɗi kashi uku na abinci, da misali biyu na kowane daga gonarka.
3. Wa ke cin rabo mafi kyau a gidanka? Wa ya fi bukatarsa?
4. Me labarin Gilgal ya koya mana game da ganyen da ba mu sani ba?
5. Ta yaya labarin Hezekiya ya amsa wa mai cewa shan magani rashin bangaskiya ne?

AIKIN WANNAN MAKO

Kowane gida ya dasa zogale ko gwanda a bayan ɗaki. Zumuntar Mata ta nuna wa iyaye yadda a ke haɗa kunun yaye. Dattawa su bincika ko akwai gwauruwa ko maraya a cikinmu da ke kwana da yunwa, su kawo rahoto ranar Lahadi.

ADDU'A

Ya Ubanmu, mai ciyar da dukan masu rai, mun gode domin hatsi da ganye da ruwa. Ka ba mu zuciya irin ta Daniyel, ka koya mana mu ciyar da ƙanananmu da hikima, ka tsare mu daga masu ruɗi, ka sa albarka a hannun masu jiyya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.