Idan Mai Gadi Ya Juya wa Gida

Akwai wata cuta da likitoci ke kira lufus, wadda ta fi kama mata masu ƙuruciya. Ba daga waje take shigowa ba. Ƙwayoyin jinin da Mahalicci ya ɗora wa gadin jiki su ne ke ruɗewa, su auka wa ƙoda da fata da gaɓoɓi kamar abokan gaba.

A shekarar 2021, a asibitin jami'ar Erlangen ta ƙasar Jamus, Georg Schett da abokan aikinsa suka gwada wata hanya a kan wata budurwa mai shekara 20. Suka ɗebi ƙwayoyin da ake kira T daga jininta, suka sauya musu tsari a ɗakin bincike domin su farauci ƙwayoyin B, tushen ɓarnar, sa'an nan suka mayar mata. Sunan hanyar CAR-T. Cutar ta kwanta. A 2022 suka ba da rahoton mutum 5 da suka ajiye magungunansu bayan wannan aiki.

Sai dai ka lura, mafarautan nan ba sa tantancewa. Ƙwayar B mai laifi da marar laifi duk sukan share, mai jinya ya yi watanni da raunin kariya, kafin ɓargo ya haifi sababbi da ba su san tsohuwar gabar ba.

Irin wannan shawara na sha ji a Gayam, tun da 'yan bindiga suka raba mu da gonakinmu: a share dajin Birnin Gwari duka, kowace ruga, kada a tsaya tambaya. Ba na raina zafin mai faɗin haka, gama na tsaya a bakin kaburbura tare da shi. Amma me ya halatta wa likita abin da yake yi? Ƙwayar jini ba ta da uwa, ba ta da suna, ɓargo kuma yana mayar da ita cikin watanni kaɗan. Yaron da ke bin shanu a gefen daji ba shi da ɓargon da zai dawo da shi. Ɗan sa-kai kuwa da ya daina bambanta maƙwabci da mahari, shi kansa ya zama lufus ɗin, ko da ya ɗauka magani yake yi.

Ka tuna da Ibrahim a Farawa sura 18. Ya san muguntar Saduma sarai, duk da haka ya tsaya gaban Ubangiji yana rage lissafi daga 50 har zuwa 10. A taron da za a yi a unguwarku kan batun tsaro, wa zai tashi ya tambayi mutum nawa ne a rugar, kuma su wane ne?