Hannatu Ba Ta Tafi Shilo Ba

Karatu: 1 Sama'ila 1:19-28
Ƙarin karatu: Markus 10:13-16, Maimaitawar Shari'a 6:4-9

Saƙon yau na iyaye ne masu ƙananan yara, musamman mata masu goyo.

Akwai kukan da mata masu bi sukan yi a taron zumunta. Kafin haihuwa, mace takan tashi da asuba ta karanta Littafi Mai Tsarki, ta yi addu'a a natse. Yanzu da ta durƙusa sai jariri ya farka. Ta buɗe Littafi, sai babban ya zubar da kunu. Ran Lahadi rabin wa'azi a bakin ƙofar majami'a take jinsa, tana jijjiga goyo. Da dare kuwa barci yakan sace ta kafin ta kai ga Amin.

Haɗarin yana nan, 'yar'uwa. Gajiya takan haifi kunya a gaban Allah, kunya kuma ta sa ki ce sai yara sun girma za ki koma addu'a. Amma kafin a yaye wannan, wani ya zo. Shekara goma ta wuce, zuciya ta yi sanyi, yara kuma sun tashi ba su taɓa jin muryar uwarsu tana magana da Allah ba.

Bari mu dubi Hannatu, matar Elkana. Ta daɗe ba haihuwa, kishiyarta Feninna tana tsokanarta. Ta yi kuka ga Ubangiji a Shilo, ta yi wa'adi cewa idan ya ba ta ɗa za ta mayar masa da shi. Allah ya ji, ta haifi Sama'ila. Da lokacin hadaya ta shekara ya zo, Elkana da iyalinsa suka haura Shilo, amma Hannatu ta zauna a gida. Ta gaya wa mijinta sai ta yaye yaron tukuna. A zamanin nan yaye yakan kai shekara biyu ko uku, kamar yadda muka sani a karkara.

Ki lura, Littafi bai zarge ta ba ko da kalma ɗaya. Matar da ta saba zuwa ɗakin Ubangiji kowace shekara ta zauna tana shayarwa, tana wanki, tana raino. Sa'ad da ta fito daga waɗannan shekaru, ta kai yaron wurin Eli firist ta cika wa'adinta, ta kuma yi addu'ar yabo da ke cikin sura 2, aya 1 zuwa 10, wadda har yau ikilisiya take karantawa. Irin wannan addu'a ba ta fitowa daga zuciyar da ta bushe. A fili yake cewa Hannatu ta ci gaba da tafiya da Allah tana riƙe da jariri a cinya.

Yesu ma ya nuna mana zuciyar Allah a kan wannan. A Markus 10 mutane suka kawo masa yara domin ya taɓa su, almajirai suka tsawata musu, a ganinsu yara suna ɓata wa Malam lokaci. Yesu ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. Wanda ya yi haka ba zai juya miki baya don kukan ɗanki ya katse addu'arki ba.

To, yaya za a yi?

Na farko, ki ɗaura addu'a a kan ayyukan da ba sa wuce ki. Kina shayarwa, ki yi wa yaron addu'a da sunansa. Kina hanyar rijiya ko famfo, ki yi godiya. Kina daka, ki kawo mijinki gaban Allah. Nehemiya ya yi addu'a a tsaye gaban sarki, tsakanin tambayar sarki da amsar da ya bayar (Nehemiya 2:4-5), Allah kuwa ya ji shi. Hannatu kanta a Shilo leɓunanta kaɗai ke motsi, ba a jin muryarta.

Na biyu, ki ɗauki aya ɗaya a mako. Ki haddace ta, ki riƙa juya ta a zuciya har Lahadi ta zagayo. A shekara kin sami aya 52 da ba mai iya ƙwace miki su. Idan karatu yana miki wuya, ki riƙe ayar da kika ji a rediyo.

Na uku, ki jawo yaran cikin addu'ar. Musa ya umarci Isra'ilawa su riƙa koya wa 'ya'yansu maganar Allah cikin zaman gida da tafiyar hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Susana Wesli ta ƙasar Ingila, wadda ta rasu a 1742, ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu suka rasu tun suna jarirai. Duk da haka takan keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako domin su yi zancen Allah. Daren Alhamis na ɗanta Yohanna ne, wanda daga baya Allah ya yi amfani da shi wajen kafa ikilisiyar Metodis. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Wani lokaci ba yara ne suka cinye ranar duka ba. Da yaro ya yi barci, hannu yakan riga zuwa ga waya kafin ya je ga Littafi. Minti goma na farko bayan sun kwanta, ki ba Ubangiji.

Kai kuma maigida, ka dubi Elkana. Ya goyi bayan matarsa, bai ɗora mata laifi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka karɓi yaron na rabin sa'a domin matarka ta sami wuri ta yi addu'a, ka kuma tara iyalinka da yamma ko da na minti biyar ne. Iyaye mata na ikilisiya, ku da kuka gama raino, ku karɓi goyon wata ran Lahadi don ta ji wa'azi daga farko har ƙarshe. Wannan ma hidima ce ga Ubangiji.

Abin tunani: Wane aiki ne nake yi kullum wanda zan haɗa da addu'a daga yau? Yarana sun taɓa jin ina yi musu addu'a?

Addu'a: Ya Uba na sama, ka san gajiyarmu, ka san darukan da ba mu yi barci ba. Mun gode maka domin yaran da ka ba mu amana. Ka karɓi gajerun addu'o'inmu, ka tsare zukatanmu daga sanyi. Ka ba mu alheri mu yi renonsu cikin tsoronka, su san Yesu tun suna ƙanana. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.