Ba Kowane Gudu Ne Hijira Ba

Makaɗa suna son labarin mutumin da ya bar garinsu cikin dare. Ko a dandalin Unguwar Hajji, ko a kasuwar Karaye da ta Rogo, in aka ɗauko waƙar wanda ke zaman kewa a ƙasar wasu, sai zukata su yi taushi. To, amma ya kamata mai hankali ya tambaya: mene ne ya kore shi?

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Degel zuwa Gudu cikin 1804 domin tsare addininsa. Wannan ita ce hijira. Akwai kuwa wanda jinin mutane ne ya kore shi.

A dubi Charles Taylor na Laberiya. Ya ta da yaƙi cikin 1989, aka hallaka dubban talakawa. Da zaɓen 1997 ya zo, samari suka riƙa rera wata waƙa mai ambaton iyayensu da aka kashe, duk da haka tana kiran a zaɓe shi. Baƙo zai ce ƙauna ce. Lalle akwai masu sonsa, amma da yawa tsoro ne ya sa su waƙa, watau gudun kada ya faɗi zaɓe ya koma daji da bindiga. Ashe waƙa takan zama kuka wanda aka sa wa kiɗa.

Ya ci zaɓe, yaƙi kuwa ya sake tashi. Cikin 2003 ya sami mafaka a Kalaba. Cikin 2006 ya sulale, aka kama shi a Gamboru, bakin iyakar Kamaru. Cikin 2012 kotu ta ɗaure shi shekara 50 saboda taimakon 'yan tawayen Saliyo, masu yanke hannuwan mutane. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi.

Saboda haka ba a gane ma'anar waƙa daga kalmominta kaɗai. Sai an san wanda ya rera ta, da halin da yake ciki, da waɗanda ba ta ambata ba. Waƙar da ta bi mai gudu har masauƙinsa, ta manta da marayun da ya bari, rabin labari ta faɗa. Tausayin baƙo hali ne na kirki, amma maraya ya riga shi cancanta.