Wanda Ya Ja da Dodo da Wanda Ya Ja da Mahalicci

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida a Kankiya, sai ga wani aminina mutumin Kusada ya iso, ransa a ɓace. Da muka gaisa, ya sa hannu cikin aljihu ya zaro wani ɗan littafi mai yagaggen bango, ya ce, "Malam, dubi abin da na kama yaron nan yana karantawa. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata don in san abin da ke shiga gidana, ga abin da na tarar."

Na karɓa na duba. Irin littattafan yaƙin nan ne da ake sayarwa a tasha. Labarin wani saurayi ne a wata ƙasa ta matsafa, inda ake bauta wa wani gunki, ana yanka masa budurwa kowace shekara, shi kuwa saurayin ya rantse sai ya ga bayan wannan abin bauta. Aminina ya ce, "Yaron da ya saba karanta an zare wa abin bauta takobi, gobe wa zai ji tsoro? Ƙona littafin zan yi." Na ce, "Alhaji, yi haƙuri, ara mini shi kwana bakwai."

Abin da na gaya masa bayan kwana bakwai shi nake so in shimfiɗa muku, ku da kuka ƙoƙarta kuka koyi karatu da girmanku. Maganar ba ƙarama ba ce, gama sabon mai karatu yana girmama takarda, yakan ɗauka duk abin da aka buga gaskiya ne, ko kuwa, in ya firgita, ya ɗauka duk sharri ne. Tambayar ita ce, shin ya dace mai tsara labari ya kawo jarumin da ke yi wa abin bauta tawaye? Kuma idan taimako ya sauko wa jarumi daga sama, wace bajinta ta rage masa?

Da farko dai mu sani wannan irin labari ba baƙo ba ne gare mu. Kowa ya ji labarin Bayajidda. An ce a Daura akwai rijiya, Kusugu, wadda maciji ya tare, ana kiransa Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ran Jumma'a. Mutane suka saba da haka har ya zame musu doka. Sai baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa wai ita Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Rijiyar tana nan a Daura har yau, ana zuwa ganinta. Haka kuma tarihin Kano ya ba da labarin Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala, wanda ke cikin wata itaciya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, ana kai masa baƙaƙen dabbobi. Sarkin Kano Tsamiya, wanda ya yi sarauta daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe wannan katanga. Ban taɓa jin malamin da ya zargi Bayajidda ko Tsamiya ba. Yaya za a zarge su, alhali kuwa tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya farfasa gumakan mutanensa?

To, amma akwai wani tawayen dabam, shi ma a makarantar allo muka san shi. An umarci Iblis ya yi sujada ga Annabi Adamu, ya ƙi, don yana ganin ya fi shi asali. Fir'auna ya sa Hamana ya gina masa dogon bene wai zai hau ya leƙa Ubangijin Musa, ƙarshensa ruwa ya cinye shi. Masu hikaya sun ɗebi wannan ma'ana sun yi ta juya ta. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai ifiritun da ya ƙi bin Annabi Sulaimanu, aka cusa shi cikin tulun tagulla aka jefa a teku. Da masunci ya buɗe shi bayan ɗaruruwan shekaru, maimakon godiya sai ya ce zai kashe shi. Dubi halin mai irin wannan tawaye, ko wanda ya cece shi bai tsira daga gare shi ba.

A ido duka biyun ƙin biyayya ne, amma ba ɗaya suke ba. Ga yadda ake rarrabe su. Na farko ya tashi ne don ƙishirwar jama'a, na biyu kuwa don girman kansa. Na farko ya ja da abin halitta wanda tsoron mutane ya ɗaukaka, na biyu ya ja da wanda ya halicce shi. In kana so ka tabbata, dubi abin da ya biyo baya. Da aka kashe macijin Daura, tsohuwa da yaro suka riƙa shan ruwa kullum. Da Fir'auna ya yi nasa, wa ya ƙaru? Saboda haka idan ka karanta labarin tawaye, kada takobin ya ɗauke maka hankali, ka nemi rijiyar, ka ga ko an buɗe ta.

Wannan ma'auni yana aiki har a kan labarun wasu al'ummai. Yunanawan dā suna da alloli barkatai, masu kishi da fushi da son mata, kamar dai miyagun sarakuna. Sun ce babbansu, Ziyus, ya hana 'yan Adam wuta, sai wani mai suna Furomitiyas ya sato ta ya ba su. Aka ɗaure shi a jikin dutse, gaggafa tana cin hantarsa da rana, da dare ta sake tohowa. Wanda ya ji kalmar alloli ya tsorata, sai ya lura, wannan Ziyus ɗan'uwan macijin Kusugu ne, mai tare abin da jama'a ke bukata. Suna kawai ya ara. Amma akwai inda ya kamata a yi hattara. A shekara ta 1667 wani mawaƙin Ingila, Jon Milton, ya buga doguwar waƙa a kan fitar Annabi Adamu daga Aljanna. Mutum ne mai riƙon addininsa na Kirista, nufinsa kuwa ya nuna adalcin Ubangiji, amma ya sa wa Shaiɗan zaƙin baki ƙwarai, har wasu masu karatu daga baya suka ce Shaiɗan ɗin ne jarumin waƙar. Ashe alƙalami yakan kai mai shi inda bai nufa ba. Wani Baturen Ingila kuma, Filib Fulman, ya buga littattafai uku tsakanin 1995 da 2000, inda aka ɗaura yaƙi da wani tsohon mala'ika wanda ya yi ƙaryar shi ne mahalicci. Kiristoci da dama sun yi fushi, suka ce addininsu ya nufa da sara. Watau damuwar aminina ba ta mutanen Kusada kaɗai ba ce.

Kada kuwa ku zaci na ce ba shi da hujja. Akwai wani labari a tarihin Kano wanda ya daɗe yana damuna. Sarakunan Haɓe suna da wani abu wai shi Dirki, ƙunshi ne na fatu, ana yi masa yankan shanu don neman tsari ga gari. A zamanin Sarki Alwali, wanda ya hau a 1781, aka nemi shanu don Dirki, ya hana, ya sa samari suka sare shi da gatura. Da aka buɗe, sai aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Mutane suka ce masa yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki haka za a fitar da shi daga ƙasar. Aka kuwa kore shi a lokacin jihadi, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Wane ne mai laifi a nan? Waɗanda suka naɗe Littafin Allah da fatu suna zuba masa jini sun ɓata, babu shakka. Ba kuma na ce saran Dirki ne ya kori Alwali ba, gama jihadi yana da dalilansa. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, sau da yawa gaskiya da ƙarya a ƙunshe suke wuri guda, gatari kuwa ba shi da ido. Yaron da ya koyi cewa duk abin da manya ke girmamawa dodo ne, wata rana zai kai sara ga abin da bai san cikinsa ba. Littafin kirki yakan nuna jarumi yana bincike, yana tambaya, yana jin nauyin abin da zai yi. Littafin banza kuwa sara kawai yake koyarwa. Nan ne tsoron aminina ya sami gindin zama.

Saura magana ta biyu, watau taimakon da ke saukowa daga sama. Masu tsara labarunmu na farko sun yi amfani da shi ƙwarai. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta littattafai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara. A cikin Ruwan Bagaja aljannu sun taimaki Alhaji Imam ya kai ga ruwan, amma sai bayan ya yi shekaru yana yawon duniya, ya sha ɗauri da duka da yunwa, ya yi ta karawa da Malam Zurƙe. Haka kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi, na Ahmadu Ingawa, mai ɗauke da sunan garin nan maƙwabcinmu, wanda aka buga a 1951. Asalin labarin na mutanen Rasha ne, birnin Kib na cikinsa kuwa shi ne Kiyef. Iliya ya tashi a gurgunce, wasu baƙi bayin Allah suka zo, ya sami lafiya da ƙarfi ta hannunsu. Amma ƙarfin amana aka ba shi, da sharuɗɗa, ya ƙare rayuwarsa yana yi wa jama'a yaƙi, daga ƙarshe ya roƙi Allah ya mai da shi dutse. Bai taɓa cewa ƙarfin nasa ne ba.

A waɗannan littattafai taimako bai kashe ƙoƙari ba, yana zuwa ne ga mai tafiya, ko kuwa ya zo ya ɗora wa mutum nauyi. Masu iya magana sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Amma akwai labarun da jarumi ba ya gumi. Da an tsananta, sai ya murza zobe, aljani ya bayyana, a gama. Ni wannan na fi ji wa yaro tsoro bisa ga labarin fasa gunki, domin yana koya masa zaman jiran tsammani. Manomin da ya zauna jiran zobe ran da aka yi ruwan shuka, shi zai sayi hatsi da kaka. Daga irin wannan tunani ne kuma bokaye da 'yan damfara masu cewa za su ninka kuɗi suke samun kasuwa.

Wani zai ce, tun da duk ƙage ne, me ya sa ba za a bar karantawa ba gaba ɗaya? Amsa ita ce, kakanninmu sun san tatsuniya ƙage ce, har mai bayarwa yakan faɗi haka da bakinsa in ya zo rufewa, duk da haka ba su hana ta ba, don da ita suka koya mana wayon Gizo da sakamakon haɗamar kura. Yaron da aka ƙona wa littafi ba ya daina karatu, ɓuya yake koya. Yau ma ga finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, cike da allolinsu, suna shiga ɗakuna ta wayar hannu. Ashana ba ta isa ta tare wannan ba, sai hankali.

Ran da kwana bakwai suka cika, na mayar wa aminina littafinsa, na ce, "Alhaji, na karanta. Gunkin nan ashe rami ne a cikinsa, wani matsafi ke shiga yana magana, yana cin dukiyar talakawa. Nan marubucin ya kyauta. Amma saurayin da zoben tsafi ya ci nasara, da ya ci kuwa sai ya haye gadon sarauta, ba a ƙara jin labarin talakawan ba. Nan ya gaza." Na ba shi shawara ya zauna da yaron su karanta tare, in sun gama ya tambaye shi abu uku. Wa aka yi wa tawaye, abin halitta ko Mahalicci? Wa ya amfana, jarumi ko jama'a? Taimakon da ya zo, ya tarar da jarumin a tsaye ko a kwance?

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, maganarka ta shige ni, amma har yanzu zuciyata ba ta son littafin nan." Na ce ba dole ne ya so shi ba, ni ma ban so rabinsa ba. Ya sa shi cikin aljihu ya koma Kusada. Daga baya ya aiko mini cewa sun yi dare uku suna karatu, yaron yana gyara masa inda ya yi tuntuɓe, shi kuwa yana gyara wa yaron inda ya yi saurin yarda.

Allah ya ba mu ikon rarrabe dodo da abin girmamawa na gaskiya, ya sa karatunmu ya amfane mu da iyalanmu, amin.