Shin Abin Kunya Ne Babba Ya Ce "Ban Sani Ba"?

'Yan'uwa, wani dattijo ya daina zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Lamorde. Da na je gaishe shi, sai ya ce: "Malam, da furfurata zan zauna gaban yara in ce ban san baƙi ba?" Maganar ta tsaya mini a rai. Bari in ba ku labarin sama, sannan mu dawo kanta.

Masu binciken taurari sun gano wani abu da suke kira baƙin rami. Wuri ne mai tsananin ƙarfin ja. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa, ko da haske ne. Ƙanana suna samuwa idan babban tauraro ya mutu ya rufta. Amma akwai ƙattai. Wanda ke tsakiyar garken taurarinmu ya kai nauyin rana miliyan 4. An nuna hotonsa a 2022.

A 2021 aka harba madubin hangen nesa James Webb. Haske yana daɗewa a hanya, saboda haka madubin yana hango abin da ya faru tun can da. Bisa lissafin masana, shekarun sararin sama sun kusa miliyan dubu 14. Sai ga ƙattan ramuka tun bai cika miliyan dubu 1 ba. Kamar ka shuka kuka bara, bana ka tarar mutum goma ba su iya rungumarta.

Yaya aka yi haka? Wasu sun ce ramukan taurarin farko ne suka yi ta haɗiyar iskar gas, suna haɗewa da juna. Wasu sun ce lokacin bai isa ba, sai dai in makeken gajimaren gas ne ya rufta gaba ɗaya, ramin ya fara da girmansa. Har yau ba su yanke ba, kuma a fili suke faɗa.

Dattijo yana da hujjarsa. Girma abin tsarewa ne, dariya kuma tana da ciwo. Amma mai dariyar ne ya yi abin kunya. Wanda ya ɓoye rashin saninsa, wata rana zai dangwala yatsa a takardar gonar da bai karanta ba.

Jami'ar da ke kusa da mu tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin ƙarfin hasken rana, wanda ya rasu a 1991. Shi ma akwai ranar da bai san baƙi ko ɗaya ba. Matambayi ba ya ɓata.

Baba, tabarmarka tana nan, muna jiranka. Allah ya ƙara mana sani mai amfani.